Bernard Fagg da Gidan Tarihi na Jos

An haifi Bernard Fagg a Ingila a 1915. Ya zo Nijeriya a 1939, aka ajiye shi Jos yana aikin mulki. A zamanin nan ana haƙar kuza ƙwarai a ƙasar, ma'aikata kuwa sukan tono abubuwan yumɓu su yar, don ba su san darajarsu ba.

A 1943 aka kawo wa Fagg wani kan mutum-mutumi na yumɓu daga wajen Jama'a. Wani akawun kuza ne ya kafa shi a gonarsa ta doya don ya tsorata ɓarna. Da Fagg ya dube shi, sai ya ga ya yi kama da wani da aka samu a ƙauyen Nok tun 1928. Ya bi ramukan kuza yana roƙon masu haƙa su riƙa kawo abin da suka tono. Da haka aka gane cewa wata al'umma ta zauna ƙasar nan shekara fiye da 2,000 da suka wuce. Daga baya ya yi tono a Taruga, ya sami matoyansu na narka ƙarfe.

A 1952 ya buɗe gidan tarihi a Jos, aka kuma kafa gidan namun daji kusa da shi, don yaro ya ga aikin kakanninsa, ya ga dabbobin ƙasarsa. Ya binciki zane-zanen duwatsun Birnin Kudu. A 1957 ya zama shugaban ma'aikatar kayan tarihi ta Nijeriya, a 1963 ya koma Oxford ya riƙe gidan tarihin Pitt Rivers. Ya rasu a 1987.

To, jama'ar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, wannan labari ya shafe mu. Bayan 1990 an tone irin waɗannan kayan yumɓu a ƙasashen Sakkwato da Katsina, aka sayar wa dillalai, suka ƙetare teku. Kuɗin ya ƙare, labarin mutanen da suka gina su kuwa ya ɓace, gama abin da aka tono a ɓoye ba a sanin inda ya kwanta. Ƙasar Zamfara cike take da kufai. In garmarka ta taɓo tsohuwar tukunya ko wani abu na yumɓu, kada ka fasa, kada ka sayar. Ka lura da wurin, ka gaya wa dagaci, shi kuwa ya kai maganar gaba.