Wa Ya San Ka? Daga Mai Masauki Zuwa Wayar Hannu

Wata ranar Juma'a cikin daminar 2025, na taso daga gidan rediyo na tarar da ɗan maƙwabcinmu a nan Gounghin yana jirana a ƙofar gida, waya a hannu. Ya samu gurbin karatu a Amurka, yana cike takardar neman biza, sai ya iske wurin da aka ce ya rubuta duk sunayen da ya yi amfani da su a kafafen sada zumunta tsawon shekara biyar. Ya ce, "Yaya, in goge Facebook ɗina ne, ko in bar shi?" Ban iya amsa masa nan take ba. Wanda ya faɗo mini a rai shi ne kakan babana, da ake ba mu labarin ya shigo Wagadugu cikin ayari, babu takarda ko ɗaya a jikinsa.

Jama'a, bincikar baƙo daɗaɗɗen abu ne. A ƙarni na 19 fatake na tasowa daga Kano da Katsina da kanwa da tufafi da jemammun fatu, su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja don sayo goro, wasu ayarin kuwa ta ƙasar Gurma da ta Mosi suke ratsawa. Madugu ne ke magana da sarakunan hanya, shi ke daidaita kuɗin fito. In an sauka a zango, kowane baƙo yana da mai masauki. Shi zai ba shi ɗaki, ya adana kayansa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in ana maganar bashi. Baƙo in ya yi ɓarna, mai masaukin ake nema, daga nan magana ta je gaban Sarkin Zango. Haka Hausawa suka kafa unguwarsu ta Zangwetin a Wagadugu, ƙarƙashin inuwar Moro Naba.

Tambayar wancan zamani ɗaya ce: wa ya san ka? Mai amsa ta kuwa mutum ne mai kunya da hankali. Ya san halinka na ciniki, zai faɗa. Ya san rigimar gidanku, zai yi shiru, domin ba ta shafi goro ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kuma in ya yi maka ƙage, kana iya tsayawa gabansa ka ƙaryata shi.

Faransawa sun kama Wagadugu a 1896, suka kafa Haute-Volta a 1919. Daga nan takarda ta fara karɓe aikin mai masauki. Talaka bai isa ya bar yankinsa ba sai da takardar izini daga ofishin kumandan, domin a san wa ya biya haraji, wa kuma ya tsere wa aikin tilas. Mutane da yawa sun gudu zuwa Gwalkwas, wato Gana ta yau, saboda wannan. Sai a 1946 aka soke aikin tilas. Bayan 'yancin kai a 1960 aka shiga zamanin katin shaida da fasfo, a 1979 kuma ƙungiyar ECOWAS ta amince ɗan yankin ya shiga ƙasar maƙwabta ba biza. Duk tsananin takarda, iyakarta sunanka, garinku, shekarunka da hotonka. Abin da ka faɗa a majalisa bayan sallar isha'i ba ya cikinta.

A ƙarshen watan Mayun 2019 ne aka tsallake wannan iyaka. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta sa kusan duk mai neman biza ya bayyana sunayensa na shafuka irin su Facebook, Instagram, Twitter da YouTube, abin da ita kanta ta ƙiyasta zai shafi mutum kusan miliyan 15 a shekara. Ba a neman lambar sirri, amma ɓoye suna na iya jawo a hana mutum biza. A watan Yunin 2025 aka ƙara da cewa ɗalibai su buɗe shafukansu yadda jami'i zai iya gani. Hujjarsu tsaro ce, kuma kowace ƙasa na da ikon sanin wanda zai shigo mata. Mu da muke Sahel mun fi kowa sanin zafin rashin tsaro.

Sai dai a dubi irin shaidar da waya ke bayarwa. Ba ta san wasa tsakanin Bakatsine da Bagobiri ba, ba ta san habaici ba, ba ta bambance abin da yaro ya rubuta yana ɗan shekara sha shida da abin da yake kai yau. Har laifin wani tana iya ɗora maka. A watan Agustan 2019 an mayar da wani ɗalibi Bafalasɗine daga filin jirgin saman Boston, yana kan hanyarsa ta zuwa jami'ar Harvard. Ya ce an tuhume shi ne kan abin da abokansa suka wallafa. Sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce kafin aka bar shi ya shiga. Ga kuma masu rubutu da sunan aro don tsoron abin da zai biyo baya: ranar da suka cike takardar, sun haɗa sunan aro da na yanka da hannunsu.

Illar da na fi gani a wurin aikina ita ce shiru. Matasan da ke bugo mana waya a da su faɗi ra'ayinsu, yanzu wasu sai su ce kada a sa sunansu a shafin shirin. Tun ba a tambaye su ba sun fara tauna harshe.

Shi dai ɗan maƙwabcina na ce masa kada ya ɓoye komai a takarda, domin ƙarya ta fi tsohon rubutu haɗari, ya kuma riƙa tuna cewa magana zarar bunu ce. Da na faɗa wa babana, sai ya yi murmushi ya ce, su a Zangwetin, kafin a rushe ta a 2003, in baƙo zai tafi addu'a ɗaya mai masauki ke yi masa: Allah ya kai lafiya, Allah ya rufa asiri. Ita na yi wa yaron da ya miƙe zai tafi.