Iska da Dabara: Waiwaye a Kan Gasar Tsere Uku

Wasan da Turawa ke kira tirayatalon, wato haɗa ninkaya da tseren keke da gudun ƙafa a jere ba tare da hutawa ba, ɗan bana-bakwai ne a cikin wasanni. A birnin San Diyego na Amurka aka soma shi a kamanninsa na yau cikin shekarar 1974. A 1978 wasu mutum 15 suka taru a Hawai suka tsawaita shi, suka raɗa masa suna Ironman: ninkaya kilomita 3.8, keke 180, gudu 42. Gordon Haller da ya zo na ɗaya sai da ya shafe awa 11 da minti 46.

A wancan zamani kowa tasa ce ke fisshe shi. Ya kamata mai karatu ya sani cewa babban abokin gābar mai keke ita ce iska, kuma wanda ya laɓe a bayan wani yakan rage kusan sulusin wahalarsa. Saboda haka doka ta hana laɓewa. Dabarar da ta rage ita ce tattalin ƙarfi, kuma babu inda ta bayyana kamar a garin Kona na Hawai a 1989. Dave Scott ya riga ya ci gasar sau shida. Mark Allen kuwa ya sha yin gaba da wuri, rana ta gasa shi, Scott ya zo ya wuce. A wannan shekara sai Allen ya ƙi yin gaba. Ya bi sawun Scott a ruwa, ya sa masa ido a kan keke, suka yi gudu kafaɗa da kafaɗa, har sai da ya rage kimanin kilomita uku sannan ya ɓalle a wani hawa. Daƙiƙa 58 ce ta raba su bayan awa takwas.

A shekarar ce kuma aka kafa hukumar wasan ta duniya a Abinyo ta Faransa, da burin shigar da gajeren zango cikin wasannin Olamfik: ninkaya kilomita 1.5, keke 40, gudu 10. Domin jawo 'yan kallo, a 1995 hukumar ta halatta laɓewa a gasarta ta duniya. To, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Gwanin keke ya ga ƙarfinsa ya zama na gayya, domin duk iskar da ya keta, wasu ya keta wa. Masu keke suka koma tafiya ayari guda, kowa na adana ƙafarsa. A Sidni a 2000, Simon Whitfield na Kanada ya faɗi da keke, amma duk da haka ya ci zinare da gudu. A ganina, shekarun da suka biyo baya su ne mafi rashin armashi: a jiƙa a ruwa, a yi rakiya a keke, sannan a fara gasa.

'Yan'uwa biyu daga Yokshaya ta Ingila, Alistair da Jonathan Brownlee, su suka wargaza wannan zaman lafiya. Sun lura cewa gwanayen gudu da yawa ba su da ƙarfi a ruwa. Sai su matsa tun daga ninkaya, su fito cikin 'yan ƙalilan, su tuƙa keke kamar babu gudu a gaba, don kada na baya su tarar da su. A Landan a 2012 Birtaniya har ta zaɓi Stuart Hayes musamman don ya tare musu iska. Alistair ya ci zinare, ƙanensa ya sami tagulla. A Riyo a 2016 mutum goma suka ɓalle a keke, ba a sake kama su ba. Mario Mola na Sifen, wanda ake tsoron gudunsa, ya maƙale a ayarin baya, ya ƙare na takwas, wa da ƙane kuma suka kwashe zinare da azurfa.