Hanyar Ƙafa Ba Ta Mutuwa: Yadda Talakawan Ingila Suka Ƙwaci 'Yancin Ratsa Karkara

Baƙon da ya sauka a wani ƙauyen Ingila zai ga abin da zai ɗaure masa kai. A bakin shingen gona akwai ɗan allo yana nuna tsakiyar alkama, ga 'yar matakalar katako da aka kafa don a tsallake shingen, ga kuma wasu dattawa da jakunkuna a baya da sanduna a hannu suna ratsa amfanin gonar suna hira, mai gonar yana kan tarakta yana kallonsu bai ce uffan ba. Ba kara ce ta hana shi magana ba, doka ce. Gonar tasa ce, amma wannan siririyar hanya ta kowa ce, kuma ko ya bi ta kanta da garma, tilas ya gyara ta cikin kwana 14. Irin waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales sun kai kimanin mil 140,000. Akwai ma wadda ta ratsa harabar Chequers, gidan hutun firaministan ƙasar.

Waɗanda suka fara taka hanyoyin nan ba shan iska suka fita ba. Wa ke da ƙarfin yawon banza bayan ya wuni a gona? Hanyoyi ne na larura: daga gida zuwa rijiya, zuwa wurin niƙa, zuwa kasuwa, zuwa coci ran Lahadi. Wasu na fatake ne da ke ɗora gishirin Cheshire a kan ƙananan dawaki suna ƙetare tsaunukan Pennine da shi. Wasu na masu kora shanu ne daga Wales da Sukotlan zuwa kasuwar Smithfield ta Landan, tafiyar makonni. Mafi ban tausayi su ne hanyoyin gawa. A kwarin Swaledale da ke Yorkshire, kafin a keɓe maƙabarta a ƙauyen Muker a 1580, mutanen Keld sai sun ɗauki mamacinsu a kafaɗa tafiyar mil 16 zuwa cocin Grinton, domin can kaɗai aka yarda a binne shi. Har yau a gefen hanyar akwai shimfiɗaɗɗun duwatsu da ake cewa a kansu masu ɗauka ke ajiye gawar su huta. Yanzu masu yawon ƙafa ne ke zama a kai suna cin guzuri.

Dokar gargajiya ta Ingila ta ɗauka cewa duk hanyar da jama'a suka daɗe suna bi a fili, ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, ba kuma da neman izini ba, ta zama tasu, kuma ba ta faɗuwa don kawai ciyawa ta rufe ta. Wanda ya san burtali ba sai an yi masa dogon bayani ba: gona da mai ita, amma akwai gurbin da aka bari don masu wucewa tun kaka da kakanni. Wanda ya san yadda burtali ke ƙanƙancewa shekara bayan shekara, kunya ɗaya bana, kunya biyu baɗi, shi ma ya san abin da ya faru a Ingila.

Can abin da majalisa aka yi shi. Tsakanin 1604 da 1914 majalisar dokoki ta zartar da dokokin killace ƙasa fiye da 5,000, akasarinsu a ƙarni na 18 da farkon na 19, aka raba filayen da talakawa ke kiwo da yin itace a kansu ga masu hali, aka zagaye su da shinge. Wajen eka miliyan 6.8 abin ya ci. An karkatar da hanyoyi da dama, wasu aka shafe su ɗungurungum. John Clare, ɗan ƙodagon gona daga ƙauyen Helpston wanda ya zama mawaƙi, ya ga an yi wa ƙauyensu haka yana saurayi, kuma baƙin cikin abin bai bar waƙoƙinsa ba har ya mutu.

A daidai wannan zamani ne tafiya a ƙafa ta fara zama abin sha'awa ga masu ilimi. William Wordsworth ya sha zagaya yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila, ya kuma rubuta littafin jagora ga masu son ziyartarsa. Ana yawan ba shi da abokansa lambar yabon wannan al'ada, kuma sun ci rabonsu. Amma ni a ganina ba su ne suka ceci hanyoyin ba. Masana'anta ce ta cece su, ba da niyya ba. Jikokin mutanen da aka kora daga ƙauyuka su ne suka cika masaƙun Manchesta da maƙerun Sheffield, suna aiki kwana shida cikin hayaƙin kwal, in sun ɗaga kai ran Lahadi sai su hango tsaunuka ga su nan kusa. A 1826 aka kafa ƙungiyar kare tsofaffin hanyoyin ƙafa a Manchesta, bayan wani mai ƙasa a Flixton ya toshe hanyoyin da suka ratsa filinsa, kuma shi aka kayar a kotu. Da jirgin ƙasa ya zo da tikiti mai arha, sai fita karkara ran Lahadi ta zama al'adar leburori.

Sai dai saman tsaunukan a rufe yake. Tuddai ne masu faɗi, ba gona, ba itatuwa, sai gajeren ƙirare da laka baƙa, amma masu sarauta sun keɓe su don harbin wani tsuntsu mai kama da fakara, wanda ake buɗe farautarsa ran 12 ga Agusta kowace shekara. Saboda 'yan kwanakin harbi, sai a zuba masu gadi da kulake shekara zungur. James Bryce ya kai ƙudurin buɗe tsaunukan Sukotlan gaban majalisa a 1884, aka watsar, ya sake kaiwa, aka sake watsarwa. A 1896 mutanen Bolton kimanin 10,000 suka yi tattaki zuwa Winter Hill don wani Kanar Ainsworth ya rufe musu hanya; kotu ta ba Kanar gaskiya.

Ranar da kowa ke tunawa ita ce 24 ga Afrilu, 1932. Makonni kaɗan kafin nan masu gadi sun koro wasu matasa 'yan wata ƙungiyar wasanni ta ma'aikata daga tudun Bleaklow, a gaban baƙinsu da suka zo daga Landan. Abin ya yi musu ciwo, suka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, za su dawo da jama'ar da ba mai iya korarta. Jagoransu Benny Rothman, makaniken mota ɗan shekara 20, ɗan kwaminis daga Manchesta, ya sanar a jarida cewa za su hau Kinder Scout, tudu mafi tsawo a yankin Peak, mai mita 636. 'Yan sanda suka tsare tashar jirgi suna jiransa, shi kuwa ya zo ƙauyen Hayfield a kan keke. Mutum wajen 400 suka taru a wani tsohon wurin fasa dutse, ya hau kan dutse ya yi musu jawabi, suka kama hanya suna waƙa. A gangaren William Clough suka yi karo da masu gadi, aka ɗan ba hamata iska, mai gadi ɗaya ya ji rauni. Suka wuce, suka haɗu da wata tawaga daga Sheffield a sama, suka juyo. A ƙasa aka kama shida.

Shiga filin wani ba laifin ɗauri ba ne a dokar Ingila, don haka da tayar da tarzoma aka tuhume su. Kotu a Derby ta ɗaure biyar, daga wata biyu zuwa shida. Rothman ya sami huɗu. Manyan ƙungiyoyin masu yawon ƙafa na lokacin, waɗanda suka fi son lallashi da rubuta takardu, ba su goyi bayan yaran ba, sun ma ce za su ɓata musu shiri. Amma a bazarar shekarar, taron neman buɗe tsaunuka da aka saba yi a mashigin Winnats ya tara mutum kusan 10,000, abin da ba a taɓa gani ba.

Masana tarihi na ta jayayya kan ko wannan rana ce ta sauya komai. Ni dai na fi karkata ga cewa ta ba gwagwarmayar labari, amma aikin wasu ne suka yi shi a kan tebur. A 1935 aka haɗa ƙungiyoyin zuwa ƙungiya ɗaya ta ƙasa, Ramblers. A shekarar ce ɗan jarida Tom Stephenson, bayan wasu 'yan mata biyu daga Amurka sun rubuto suna tambaya ko Ingila na da doguwar hanyar ƙafa irin tasu ta tsaunukan Appalachian, ya rubuta a jaridar Daily Herald cewa a yi wadda za ta bi ƙashin bayan Pennine. Bayan yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Leba ta yi dokar 1949 wadda ta haifar da gandun shaƙatawa na ƙasa, na farkonsu yankin Peak a 1951. Sashen dokar da ba a cika yi masa kirari ba shi ne ya fi amfani: an umarci kowace gunduma ta zana duk hanyoyin ƙafarta a taswirar hukuma. Majalisun ƙauyuka da 'yan sa-kai suka bi gona-gona, suka tambayi tsofaffi, suka rubuta. Hanyar da ta shiga taswira ta tsira. Wadda aka manta, ko wani mai ƙasa da ke cikin majalisar ƙauye ya so a manta, ta shiga rububi. A 2020 'yan sa-kan Ramblers suka gwada tsofaffin taswirori da na yanzu, suka ƙirga sama da mil 49,000 da suka ɓace.

Hanyar Stephenson ta ɗauki shekara 30. An buɗe ta ran 24 ga Afrilu, 1965, mil 268 daga ƙauyen Edale zuwa Kirk Yetholm a cikin Sukotlan, kuma ranar farko ta tafiyar ta kan Kinder Scout take bi. Daga nan hanyoyi suka yi ta fitowa. Alfred Wainwright, ma'ajin garin Kendal wanda ya rubuta littattafan tsaunukansa da hannu har da zanensu, ya tsara tasa a 1973 daga teku zuwa teku, St Bees zuwa Robin Hood's Bay. A kudu akwai hanyar Cotswold, mil 102 daga Chipping Campden zuwa Bath, mai ratsa ƙauyukan dutse ruwan zuma waɗanda kuɗin ulu ya gina manyan cocinsu tun zamanin da. Da cinikin ulu ya koma masaƙun arewa, sai ƙauyukan suka tsaya cak, ba kuɗin rushewa balle na sabon gini, kuma wannan talaucin ne ya adana kyan da ake zuwa kallo yau.

Dokar 2000 ta ba da izinin yawo ko'ina a tsaunuka da tuddai da filayen gama-gari, abin da Rothman ya nema. Kada a ɗauka an gama: duka-duka bai wuce kashi 8 cikin 100 na ƙasar Ingila ba, alhali Sukotlan da dokarta ta 2003 ta buɗe kusan ko'ina. Shekara ɗaya bayan dokar Ingila, cutar baki da kofato ta ɓarke cikin dabbobi, aka kashe fiye da miliyan 6, aka rufe hanyoyin ƙafa watanni. Masaukai da shaguna da gidajen abinci na ƙauyuka suka wayi gari ba mai leƙowa, asara ta kai biliyoyin fam, har masu ƙauyen da kansu suka shiga kiran a buɗe.

Rothman ya rasu a Janairun 2002. A Afrilun shekarar aka yi bikin cika shekara 70 a wurin fasa dutsen nan na Hayfield. Cikin masu jawabi har da basaraken Devonshire na 11, Andrew Cavendish, wanda gidansu na cikin manyan masu tuddan yankin. Tsoho ne ɗan shekara 82. Ya tashi gaban taron ya nemi gafara kan abin da kakansa da sauran masu ƙasa suka yi a 1932.