Shaida Guda da Ta Zama Goma: 'Yandoto da Amanar Marubucin Tarihi

Duk wanda ya taso tsakanin Tsafe da Gusau ya ji labarin 'Yandoto, birnin malamai da ya ƙi bin Shehu Usmanu, har Muhammadu Bello ya ci shi da yaƙi tsakanin 1805 da 1806. Ya kuma ji zancen littattafan da suka salwanta a ranar. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: daga bakin wa muka ji?

In aka bi sawun zancen, kusan duk hanyoyin wuri guda suke komawa. Shehu Muhammadu al-Kanemi na Borno ya zargi masu jihadi da wulaƙanta littattafai. Bello ya mayar da martani, ya kuma adana wasiƙun cikin Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812. Can ya ba da labarin wani gari na ƙasar Katsina da suka ci, inda ya tarar iska na kwasar takardu, ya yi ta tsinta har ya gaji, sannan ya tsawata wa mutanensa. Masana sun danganta wannan da 'Yandoto, wadda a lokacin ƙarƙashin Katsina take. Bello ne wanda ake tuhuma, kuma shi ne babban mai ba da shaida. Wannan bai mai da shi maƙaryaci ba, kuma ni ban ɗauke shi haka ba; sai dai ba alƙalin da zai rufe shari'a da jin ɓangare ɗaya.

A nan satar fasaha take yin ɓarnar da ta fi ta cin haƙƙin marubuci. Ɗalibi ya kwafe sakin layi daga kundin wani bai ambace shi ba, wani ya kwafe nasa, na uku ya ɗora a intanet. Mai bincike na gobe zai tarar da rubutu goma sun yi ittifaƙi, ya zaci shaidu goma ne, alhali mutum ɗaya ne ke magana da baki goma. Malaman hadisi sun daɗe da raba labarin da ya zo ta hanya ɗaya da mutawatiri, wato wanda ya zo ta hanyoyi masu yawa. Mai kwafe ba ambato yana ƙera mutawatirin jabu. Don haka nake jin takaici in an ce ambaton majiya al'adar boko ce; malaman zaure ba sa ba da ijaza sai da silsila.

Kano ma ta ɗanɗani kuɗar ɓacewar sunan marubuci. Wani Bature, Palmer, ya buga fassarar tarihin sarakunanta a 1908 ba a san marubucin asali ba, sai a 1994 John Hunwick ya bi diddigi kamar mai binciken laifi, ya rinjayar da cewa Ɗan Rimi Malam Barka ne. Sanin hannun da ya riƙe alƙalami yana sauya yadda ake karanta kowane shafi.

Zamfara, inda 'Yandoto take a yau, tana da abin dogaro. Kurt Krieger ya buga tarihinta da Jamusanci a 1959, Garba Nadama kuma ya gabatar da kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Amma kaɗan ne cikinmu ke karanta Jamusanci, kundi kuwa a ɗakin karatu yake zaune, saboda haka ta hannun wasu ake jin abin da suka ce. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau da ya zauna da dattijo a Bungudu ko Tsafe, wajibi ne ya rubuta sunansa da ranar hirar, ya kuma tambaye shi ko daga kakanni ya ji, ko daga rediyo, ko daga littafin da jikansa ya karanta masa.