Takardar da ta kai sistoci Kotun Ƙolin Amurka

A daren 31 ga Disamba, 2013, ana saura sa'o'i kaɗan a shiga sabuwar shekara, Mai Shari'a Sonia Sotomayor ta Kotun Ƙolin Amurka ta fitar da umarnin gaggawa, ta hana gwamnatin Obama cin tarar wasu sistocin Katolika masu kula da tsofaffi a Denver da Baltimore. Ba don haka ba, da gari na wayewa tara za ta fara hawa kansu: dala 100 kullum a kan kowane ma'aikaci.

Ƙungiyarsu, Little Sisters of the Poor, ta samo asali ne a Faransa a 1839, ranar da Jeanne Jugan ta ɗauko wata tsohuwa makauniya ta ba ta gadonta. Sun iso Amurka a 1868. Me ya haɗa su da gwamnati?

A Amurka, yawancin mutane daga wurin aiki suke samun inshorar lafiya. Bayan dokar kiwon lafiya ta 2010, ma'aikatar lafiya ta ce dole inshorar ta ɗauki nauyin magungunan hana ɗaukar ciki ba tare da mace ta biya ko sisi ba. Aka cire coci-coci daga dokar, aka bar asibitoci da jami'o'i da gidajen jinƙai na addini, waɗanda ke ɗaukar ma'aikata ko da ba 'yan ɗarikarsu ba ne. Ita kuwa Katolika ta haramta waɗannan magunguna, kamar yadda Fafaroma Paul na Shida ya jaddada a 1968.

Sai gwamnati ta kawo sassauci: ku cika fom ku ce ba ku yarda ba, kamfanin inshora zai biya. Sistocin suka ƙi. A ganinsu sa hannun nan shi ne ke ba wani izinin yi da sunansu, kuma wanda ya riƙe ƙafa ai yana cikin masu yanka. Madogararsu dokar 'yancin addini ta 1993, wadda, abin mamaki, shari'ar wasu ma'aikata biyu a Oregon ce ta haife ta, waɗanda aka kora saboda cin tsiron peyote a ibadar 'yan asalin ƙasar.

A 2016 maganar ta je gaban alƙalai takwas na Kotun Ƙoli, domin na taransu, Antonin Scalia, ya rasu a Fabrairu. Suka mayar da ita ƙananan kotuna, a je a sasanta. Ba a sasanta ba. Gwamnatin Trump ta faɗaɗa rangwamen da aka yi wa coci-coci a 2017, jihohin Pennsylvania da New Jersey suka kai ƙara, sannan a ranar 8 ga Yuli, 2020 Kotun Ƙoli ta ba gwamnati da sistocin gaskiya, bakwai da biyu. Mai Shari'a Ruth Bader Ginsburg, wadda ta saurari shari'ar ta waya daga gadon asibiti, ta tuna wa abokan aikinta ƙiyasin gwamnati da kanta: mata 70,500 zuwa 126,400 ne za su rasa tallafin.

Sai dai hukuncin a kan ikon ma'aikatu na tsara ƙa'ida ya tsaya. Ko fom ɗin nan ya tauye addini, kotun ba ta yanke ba. A Agustan 2025 kuma wata alƙaliyar tarayya a Philadelphia, Wendy Beetlestone, ta soke rangwamen.