Babbar Ruga: Turawan Mishan da Batun Muhallin Masu Cutar Kuturta a Katsina

Duk lokacin da aka tayar da zancen ƙungiyoyin Kirista masu gina wa mabukata gidaje, hankalin masu nazari yakan tafi ƙasar Amurka, inda Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa Habitat for Humanity a 1976. Tsarinsu shi ne, 'yan sa kai su taru su yi gini tare da wanda zai zauna a gidan, sa'an nan shi kuma ya riƙa biyan kuɗin kayan aiki da kaɗan da kaɗan ba tare da ruwa ba. Abin da muke so mu nuna a wannan takarda shi ne, tun kimanin shekara 40 kafin haka an yi wani abu mai kama da wannan a bayan ganuwar Katsina, watau a Babbar Ruga da ke kan hanyar Batsari. Sai dai dalilan da suka haifar da shi daban ne, kuma sharuɗɗan da aka gindaya masa sun fi na Amurka sarƙaƙiya.

Ya kamata mu fara da yadda al'amarin yake kafin zuwan Turawa. A ƙasar Hausa ba a saba korar mai cutar kuturta zuwa daji ba. Galibi yakan zauna cikin danginsa muddin suna iya ɗaukar nauyinsa. In kuwa ciwon ya ci ƙarfinsa har noma ya gagara, sai ya nufi birni ya shiga cikin 'yan'uwansa, waɗanda suke da nasu shugaba, Sarkin Kutare, da nasu wuraren zama a ƙofofin gari da bakin kasuwa da masallatan Juma'a. Sadaka da zakka su ne abin dogaronsu. Ba muna cewa zaman daɗi ne ba, domin karin maganganun da Hausawa suka yi a kan kuturu sun isa shaida game da irin kallon da ake yi masa. Amma dai yana cikin mutane. Ra'ayin ware shi a wani ƙauye na musamman likitocin Turawa ne suka zo da shi, bayan da Hansen ya gano ƙwayar cutar a ƙasar Norwe a 1873, aka tabbatar cewa ɗauka ake yi, ba gado ba ce. To, wanda duk ya raba mutum da gidansu, wajibi ne ya sama masa wani. Daga nan matsalar muhalli ta taso.

Da farko En'e ce ta ɗauki nauyin wannan aiki da kuɗin Baitulmali, tare da taimakon ƙungiyar BELRA, wadda aka kafa a Ingila a 1924 domin yaƙi da kuturta a ƙasashen da Ingila ke mulki. Akwai kuma 'yan sa kai na Toc H, wata ƙungiyar Kirista da ta samo asali a lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Shugabanta, Tubby Clayton, ya zo Nijeriya ya ga halin da kutare ke ciki, da ya koma gida ya yi kira ga samari su ba da kansu, kuma rukunin farko suka taso a 1935. Waɗannan samari ba likitoci ba ne. Abin da aka bukata daga gare su shi ne kula da gini da noma da tsabta da tafiyar da zaman jama'a, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa tun farko an ɗauki wurin a matsayin gari, kafin a ɗauke shi a matsayin asibiti.

A 1937 aka danƙa matsugunan kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato a hannun Sudan Interior Mission, watau SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka fara a 1893. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan muka tuna da alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba, wanda a kansa ne Razdan-Razdan suka daɗe suna hana 'yan mishan zama a ƙasashen sarakunan Musulmi. Abin da wa'azi ya kasa buɗewa cikin shekara 30 da ɗoriya, kuturta ta buɗe shi. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, mutum ne da ya ga duniya, domin ya je Makka ya kuma je Ingila tun 1921, kuma bai kasance mai ƙyamar asibiti ko makarantar boko ba. A ganinmu lissafinsa a fili yake: ga aikin da ke cin kuɗi, ga ƙarancin ma'aikatan da za su yarda su zauna cikin masu ciwon, ga kuma waɗansu baƙi da suka ce za su yi don neman lada.

A nan ne muke so mu ɗan tsaya, domin yawancin abin da 'yan mishan suka rubuta wa masu ba su gudummawa a Amurka da Kanada yana nuna kamar su kaɗai suka yi komai. Gaskiyar magana, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙasa ta sarki ce. Wani kaso na kuɗin tafiyar da wurin daga Baitulmali yake fitowa, watau daga harajin talakawan Katsina, waɗanda galibinsu Musulmi ne. Mishan ta kawo likita da malaman jinya da magani da gudummawar coci-coci na ƙasashen waje. Amma ƙarfin da ya kwaɓa ƙasa, ya yi tubali, ya tayar da bango, ya yanko shuci ya yi baibaya, na majinyatan ne da kansu. Tsarin da aka bi a irin waɗannan matsugunai shi ne, duk mai sauran ƙarfi ya yi aiki, ko a gona, ko a gini, ko a ɗakin shan magani. Ɗakunan kuwa irin na ƙauye ne, na ƙasa da ciyawa, abin da ya sa suka yi araha, kuma Bahaushe bai bukaci wani ya koya masa aikin gayya ba. Abin da Habitat ta zo daga baya ta mayar ƙa'ida, cewa mai gida ya zuba guminsa a cikin gininsa, a nan larura ce ta tilasta shi.

Bambancin da ke tsakani shi ne na mallaka. Wanda Habitat ta gina wa gida, in ya gama biya ya zama nasa. Mazaunin Babbar Ruga kuwa ba ya biyan haya, amma ɗakin ba nasa ba ne. Zamansa ya rataya ne a kan ciwonsa da kuma bin dokar wurin: zuwa karɓar allurar man calmugura, wani mai da ake samu daga 'ya'yan itacen ƙasar Indiya, mai zafin gaske kuma mai ƙarancin amfani, da neman izini kafin fita, da haƙuri da al'adar likitocin zamanin ta raba jarirai da iyayensu mata don gudun ɗaukar cutar. Ga kuma batun addini. Gwamnati ta shimfiɗa ƙa'idar cewa ba za a tilasta wa kowa sauraron wa'azi ba, kuma ba za a koya wa yaran Musulmi addinin Kirista ba sai da yardar iyayensu. A takarda ke nan. Mutumin da ɗakin kwanansa da hatsinsa da maganinsa duk suke hannun mai wa'azi, da wuya a auna inda yardarsa ta tsaya da inda kunya ta fara. Da yawa sun zauna shekaru sun fita da Musuluncinsu. Waɗansu kuma, musamman matasa da suka koyi karatun boko da aikin jinya a can, sun karɓi Kiristanci, suka zama malaman asibiti da masu bishara, kuma suna cikin tushen Hausawa Kirista na cocin ECWA da aka kafa a 1954. Shobana Shankar ta bi diddigin wannan al'amari a littafinta na 2014 kan asalin Kiristanci a Arewacin Nijeriya.

Abin da ya rushe wannan tsari magani ne. Wajen 1950 gwajin da Likita John Lowe ya yi a Uzuakoli ya tabbatar cewa ƙwayar dafson da ake haɗiya tana warkarwa, ga ta da araha. Nan da nan Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe ɗakunan shan magani a ƙauyuka, mutum ya karɓi ƙwayarsa ya koma gida ya kwana. Bukatar tara jama'a a wuri ɗaya ta ragu ƙwarai. Amma fa waɗanda cutar ta riga ta cinye wa yatsu, ko suka yi shekaru rabonsu da garinsu har gonarsu ta shiga hannun wani, takardar sallama ba ta ba su wurin zuwa ba. Irin waɗannan su ne suka kakkafa bukkoki a gefen matsugunan, suka hayayyafa a nan.

A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitocin mishan, Babbar Ruga ta koma hannunta. Likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya zo wurin a 1983 domin aikin kuturta, a shekarar da ta biyo ya fara yi wa mata masu yoyon fitsari aiki, har daga bisani asibitin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan lalura. Su ma waɗannan mata da dama sukan iso ne bayan aure ya mutu, kuma sai an tanadar musu wurin kwana na makonni kafin aiki da bayansa.