Bashin da McLaren F1 ta ci a wurin Honda NSX

Idan aka jera McLaren F1 ta Ingila da Honda NSX ta Japan, alƙaluma duk na McLaren ne. F1 guda 106 kacal aka ƙera a garin Woking tsakanin 1992 da 1998. Injinta na BMW mai silinda 12 yana ba da ƙarfin doki sama da 600. Ta ci tseren Le Mans a 1995, ta kuma yi gudun kilomita 386 a awa a Jamus a 1998. NSX kuwa silinda 6 gare ta, ƙarfin doki wajen 270, an ƙera kimanin 18,000 daga 1990 zuwa 2005. Amma a ganina, NSX ce ta fi sauya sana'ar ƙera motocin gudu.

Kafin 1990, duk wanda ya sayi motar gudu ta Italiya ya san wahalar da ya saya: kuloci mai taurin tsiya, zafi a ciki, ba a ganin baya sosai, mota ta fi daɗewa a gareji fiye da kan titi. An ɗauka hakan dole ne. Injiniyoyin Honda, ƙarƙashin Shigeru Uehara, suka ƙi yarda. Suka ƙera gangar jikin NSX da alminiyam zalla don rage nauyi, suka faɗaɗa gilashi direba ya riƙa ganin hanya tar, suka sa na'urar sanyaya iska mai aiki da gaske. Da direban tsere Ayrton Senna ya gwada ta a filin tseren Suzuka a 1989 ya ce jikinta bai yi ƙwari ba, sai suka koma suka ƙarfafa shi. Aka samu motar da za ta yi tsere ranar Lahadi, ta kai mai ita ofis ranar Litinin.

Babban shaida shi ne Gordon Murray, wanda ya tsara F1 ɗin. Shi da kansa ya bayyana cewa tun da ya tuƙa NSX ya ajiye Ferrari, Porsche da Lamborghini, ya mai da ita ma'aunin laushin tafiya da biyayyar sitiyari. Ya mallaki ɗaya ya yi shekaru yana hawa. Har Honda ya fara roƙa ta yi masa inji, tunda ita ke ba McLaren injin tsere a lokacin. Da ta ƙi ne ya nufi BMW.

Wani zai ce ai kasuwa ta raba gardama, tunda a 2021 an yi gwanjon F1 guda a kan dala miliyan 20 da ɗoriya. Wannan kuɗin ƙaranci ne, ba na tasiri ba. Gaskiya ne gangar jiki ta zaren kabon da F1 ta kawo ta zama abin koyi, kuma ba na raina wannan. Sai dai kujerar direba a tsakiya da zinaren da aka shimfiɗa a ɗakin inji don kare zafi kusan sun tsaya a kanta. Abin da NSX ta kawo kuwa ya shiga ko'ina. Ferrari 348 ta sha suka da aka gwada ta da Honda, kuma F355 da ta gaje ta a 1994 ta fito da sauƙin tuƙin da masu Ferrari ba su saba gani ba.